Tsimin Da Ya Cinye Injin Niƙa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙe a gaban taro, na gyara ɗaurin ɗankwali, ina jiran a tafa mini ba. Har yau in na tuna sai takaici ya kama ni, rabi a kan kaina, rabi a kan waɗanda suka ƙirƙiro wannan tsari.

Ni 'yar mai sayar da atamfa ce a kasuwar Keffi. A gidanmu da ke Liman Abaji, in ka sayi abu a farashin farko, Inna ba za ta ƙara kallonka da mutunci ba sai washegari. Da wannan tarbiyya na samu aiki a wata ƙaramar ƙungiya mai karɓar tallafi daga wata babbar ƙungiyar ƙasa da ƙasa. Aka damƙa mini shirin koya wa matan Agwada adana hatsi kada ƙwari su cinye, aka miƙo mini kasafin shekara: kaza na ɗakin taro, kaza na abinci, kaza na mota. Da na ga abin da aka ware wa ɗakin taro kaɗai sai da na yi salati. Na ce lallai an daɗe ana cutar bayin Allahn nan, yanzu kuwa sun samu mai ƙwato musu haƙƙi.

Sai na ɗaura ɗamara. Ɗakin taro, na lallaɓi wani hedimasta ya ba mu aji kyauta ranar Asabar. Abinci, gwaggona ta dafa shinkafa da wake mai rai da lafiya. Mota kuwa, na tasa Oga Emeka mai bas a gaba da ciniki har ya ɗora hannu a ka ya ce, "Madam, kai za ka kashe ni, wallahi!" Na dawo ofis ina jin kaina kamar na ci zaɓe.

Shugabanmu, Malam Ɗanladi, yakan leƙo ya ce, "Yaya kashe kuɗi, ana tafiya daidai?" Ni kuma in ce, "Yallaɓai, kwantar da hankalinka, za ka sha mamaki." (Ya kuwa sha, Allah ya ba shi haƙuri.)

Wata Asabar shugabar matan, Mama Talatu, ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, karatun nan mun gode, amma niƙa ne ya fi damunmu. Injin unguwarmu ya mutu, sai mun yi tafiya da kaya a ka." Ko numfashi ban ja ba na ce, "Mama, kuɗi sun ragu a hannuna. Kafin shekara ta fita za ku ga inji." Mata suka rangaɗa guɗa. Wata har ta ba ni kaza.

Ƙarshen shekara ya zo, Madam Rifkatu ta taso daga ofishin babbar ƙungiyar a Abuja don duba aiki. Na ɗinka sabon leshi. Kuma saboda rawar kaina ba ta da burki, na gayyato Mama Talatu ta zauna a gaba, ta ji albishir da kunnenta.

Da aka zo kaina na miƙe na yi bayani da Turanci, ina jan kowace kalma: an koyar da mata duka, ba a kashe ko rabin kasafi ba, ragowar kuma inji za mu saya. Na tsaya ina murmushi. Ko mutum ɗaya bai tafa ba. Malam Ɗanladi ya cire hula ya riƙa kallon cikinta kamar ya ajiye wani abu a ciki.

Madam Rifkatu ta cire tabarau, ta yi mini bayani a hankali irin wanda ake yi wa mara lafiya. Wai kuɗin abinci na abinci ne, ba ya zama inji sai an nemi izini tun shekara na tsakiya, a kai magana Abuja, Abuja ta kai can hedikwata. Wai abin da ya ragu komawa zai yi inda ya fito. Wai kuma kasafin baɗi da abin da aka kashe bana ake auna shi, tunda mun nuna rabi ya ishe mu, to rabi za a ba mu. Jama'a, ku taya ni ji! Mutum ya tattala maka dukiya, ladansa shi ne a yanke masa? Wannan wane irin lissafi ne?

Can sai Mama Talatu ta ɗaga hannu. "'Yata, ni ban ji Turancin nan ba. Injin yaushe zai iso?"

Na juya wajen Malam Ɗanladi ina neman ceto. Ya mayar da hularsa ya ce, "Ke kika gayyato ta, ke za ki fassara."

Haka na tsaya cikin sabon leshi, na fassara kunyata da bakina, tun daga Abuja har hedikwata. Mama Talatu ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai ta ce, "To, ashe da mun ci kaji a otal da an fi gode mana."

Inji bai zo ba, shirin baɗi ma aka rage shi. Ni na yi watanni ina rubuce-rubuce kafin a yarda a sa niƙa cikin kasafin wata shekarar, kuma har yanzu ana dubawa. In na shiga Agwada, mata daga nesa suke ɗaga mini hannu, "Sannu da zuwa, mai inji!"

Abin da na koya shi ne, kuɗin mutanen nan tun kafin ya baro gida an raɗa masa suna, kuma ba ni ce zan sauya masa ba. Yanzu in Oga Emeka ya faɗi farashi, in dai bai wuce kasafi ba, sai in runtse ido in ce na saya. Ranar da Inna ta ji haka ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Aikin nan ya lalata ki."