Rasuwar Kwamfutar Zahra'u Mai Lissafin Zinari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, gidan Malam Haliru na Dingyaɗi na sanar da 'yan'uwa na Boɗinga da Shagari rasuwar kwamfutar ɗiyarsu Zahra'u. Ta cika ranar Talata bayan azahar, tana da shekara shida.

Marigayiya ba ta da hayaniya, in ban da "fuuu" ɗin fankarta. Wata bakwai ta yi tana yi wa Zahra'u aikin jami'a. Wai ɓarɓashin zinari ne wanda ido ba ya gani, ake kwaikwayon yadda yake isa ga tantanin da ya lulluɓe ƙwayoyin jikin mutum, ko ya manne, ko ya huda ya shige da magani. Babu zinarin gaske a cikinta, hoto ne da lissafi. Matan da suka riƙa shigowa aron turmi don su leƙa zinarin, to sun ji.

Zafin bazara ne mafarin ciwon. Zahra'u ta tahi suna Shagari, ta bar ta tana aiki bisa tabarma, ta ja kunnen kowa kada a kashe. Goggonta Atika ta taɓa, ta ji jiki rau, tausayi ya kama ta. Sai ta jiƙa buhu sharkaf ta lulluɓe ta, yadda ake yi wa tulu don ruwa ya yi sanyi. Sanyi kuwa ya samu. Marigayiya ta ce "ƙit", ƙauri ya tashi, ba ta ƙara motsi ba.

Ta bar caja da linzami, wato maus, da jaka mai yagaggen zif. Ta bar filashi guda, wanda kullum Zahra'u ke cewa gobe za ta kwafe aikin a cikinsa. An duba, hotunan bikin ƙawarta Jamila ne kawai.

Ta kuma bar Zahra'u, wadda Litinin wagga za ta tsaya gaban malamanta ta nuna abin da zinarin ya yi. Tun Talata tuwo bai wuce mata ba. Sau huɗu malaminta na kira, tana kallon wayar ba ta ɗauka. Ƙarshen wata zai ajiye aiki, in lissafin ya tahi babu mai jiran ta wata bakwai kuma.

Gawa na kwance cikin buhun shinkafa, ko ta tsotse ruwan. Gobe Alhamis da hantsi za a ɗauke ta daga tashar Boɗinga zuwa Sakkwato, wajen Maniru mai gyara. Zai buɗe ta ya ciro ma'ajiyarta inda aikin yake, a gani ko ruwa ya kai can. Ya ce shi bai yi alkawari ba.

Masu zuwa gaisuwa su yi addu'a, kada su tambayi yaya karatu. Atika ba ta cikin 'yan rakiya. Zahra'u ce za ta riƙe mamaciyar bisa cinya, an kuma roƙi direba, don girman Allah, ya bi ramuka a hankali.