Alƙalin Duniyoyi Ya Buɗe Taswira

Allah ya yi mana baiwa da Alƙalin Duniyoyi, ma'aikacin ofis kuma gangaran a wasannin bidiyo. Irin wasannin nan da ake sakin jaruminka a ƙasar dodanni da matsafa ya bi inda ya ga dama, babu wanda bai yanke wa hukunci ba. Shi ya raɗa wa kansa sunan, don ya hutar da jama'a.

Lokacin cin abinci a ofis yakan ɗaga cokali kamar takobi. "Wasan farko labari ne babu fili. Na biyu fili ne babu labari, ka yi ta sukuwa kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Na uku ne kaɗai ya haɗa duka, amma sai mai zurfin tunani irina." Akawu ya yi hamma, Alƙali ya ɗauka mamaki ne ya buɗe masa baki.

Ana nan gardama ta raba abokan cinikin wani mai shagon wasanni gida biyu, masu son labari da masu son yawo, har an daina gaisawa. Mai shago ya roƙi Alƙali ya zo ya raba. Ya iso ranar Asabar cikin kwat, da matarsa a gefe don ta ga irin mijin da ta dace da shi. Minti arba'in yana zuba.

Sai wani wanzami ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, kogon nan da ka ce a cikinsa sirrin labarin yake, nuna mana shi mana."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Aka buɗe wasansa a babban allo. Allo ya nuna awa ɗari uku da goma ya shafe yana bugawa! Aka yi tafi. Aka danna taswira, wadda inda jarumi ya taka kaɗai take haskawa: baƙi ƙirin, sai ɗigon haske kamar ƙwayar riɗi. Ƙauyen farko. Tsohon da ke ba da aikin farko yana tsaye a bakin ƙofa, har yau jira yake. Jarumin kuwa hula sittin da huɗu gare shi, da gemu mai kitso.

"Wannan," in ji Alƙali yana share gumi, "salon bincike ne na ƙwararru." Ya tura jarumin ya nemi hanyar fita. Jarumi ya faɗa rijiya.

Ɓangarorin biyu suka tafa da juna suna dariya.

Matarsa ta ɗauki jakarta. "Ku yi masa uzuri, 'yan'uwa. A gida ma iyakar yawonsa daga madubi zuwa durowa."