Ɗigo Uku na Amoniya

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da sufeto ya zo duba aikina a wata sakandare a Isa ba. Ina koyar da kemistiri a matsayin ɗan gwaji, kuma rahotonsa ne zai sa a riƙe ni ko a sallame ni.

Darasin ligan na zaɓa, don na haddace shi kamar karatun allo. Na bayyana wa ɗalibai cewa ligan, irin su amoniya, shi ke kawo ilektiron biyun duka ya miƙa wa ƙarfe su ƙulla zumunci, kamar baƙon da ya zo da tuwonsa da miyarsa. Amoniya huɗu za su kewaye jan ƙarfe, ruwan ya koma shuɗi mai duhu. Sufeto ya gyaɗa kai, ni kuwa kaina ya kumbura.

(Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne, a littafi kawai na taɓa ganin wannan gwajin.)

Na ɗiga amoniya sau uku a ruwan jan ƙarfen. Maimakon shuɗi mai duhu, sai ya yi gudaji-gudaji kamar kunun da ya kwana. Na girgiza, na ƙara girgizawa. Sai na waiga ga Baba Nomau, dattijon Unguwar Lalle da ke kula da ɗakin gwajin tun kafin in shiga firamare.

"Ranka ya daɗe, kayan ne suka lalace," na ce wa sufeto. "Ba a adana su da kyau."

Sufeto ya buɗe biro ya tambayi sunan mai adanawa. Wallahi har yau wannan biron yana sukata a zuciya.

Baba Nomau ya taso a hankali. "Malam, ba ni kwalbag ga. Za ni kama maka, hannunka ya gaji." Ya tsiyaya amoniya sosai. Gudajin suka narke, ruwan ya rine shuɗi mai kyau, aji ya ɗauki tafi. Sannan ya dubi sufeto ya ce, "Haka Malam ka yi kullum. Shina hwara nuna ma yara mi ka hwaruwa in amoniya ta yi kaɗan."

An riƙe ni. Da na je ba Baba Nomau haƙuri, dariya kawai ya yi.

Tun ranar nake gwada komai kafin in shiga aji. Kuma duk shekara in na zo kan ligan, wanda ke kawo komai ya ƙulla zumunci da wanda bai kawo ko ɗaya ba, nakan ji kunya ta kama ni. Na san wane ne ƙarfen a ɗakin nan.