Rasuwar Uwar Zane, Kwamfutar Mai Surfani

Da zuciya cike da baƙin ciki, da wasu tambayoyin da har yanzu ba a amsa ba, Mai Surfani na shagon ƙasan bene yake sanar da 'yan uwa da abokan sana'a rasuwar kwamfutarsa ta cinya, wadda aka fi sani da Uwar Zane.

Shekara tara marigayiya tana riƙe masa amanar zanen wuyan riga da na hannu, duk wanda ya taɓa fitarwa da kansa, kuma ba shi da kwafinsu ko'ina. Mai haƙuri ce. Zare ya shiga maɓallanta, shayi ya zube mata, ba ta taɓa yin yaji ba. Iyakarta idan aiki ya yi yawa fankarta ta ce “fuuu”, ta ci gaba.

Lafiyarta ƙalau har ranar da ya sayo tsohon keken surfani wanda ba ya jituwa sai da tsohuwar manhaja. Ƙanin matarsa, wanda bai daɗe da buɗe nasa shagon surfanin ba, ya ce shi zai mayar da ita kan tsohuwar kafin shayi ya huce. Ya ce sai dai a gidansa, don wai intanet ɗinsa ya fi ƙarfi.

Bayan kwana biyu ya dawo da ita yana girgiza kai. Da an fara sa manhajar sai allo ya ce bai ga ma'ajiya ba. Ya yi bayani cewa direba ce babu, wato 'yar manhajar da ke nuna wa kwamfuta inda ma'ajiyarta take. Mai Surfani ya rufe shago kwana uku yana sauko da direbobi, filashi ya shiga, filashi ya fita, marigayiya ba ta gane ko ɗaya ba. Maganarta ta ƙarshe “ƙit” ce. Ƙanin ya ce ma'ajiyar ta ƙone, zane ya tafi, a yi haƙuri, kuma shi zai ɗauke musu nauyin gawar.

Mai Surfani ba ya zargin kowa. Ya dai lura sukurori biyu na bayanta sun sha sukundireba. Ya kuma tuna zanen wani fure mai gajeren ganye ta hagu, wanda ya karkace ranar da autarsa ta bugi gwiwar hannunsa. Bai taɓa ɗinka wa kowa shi ba. Shekaranjiya ya gan shi a jikin wata riga rataye a shagon ƙanin, har da gajeren ganyen. Abin ya ci masa rai ƙwarai, matarsa kuwa ta ce zane yakan yi kama.

Marigayiya ta bar caja mai ɗaurin salatif, da linzaminta na kwamfuta, da tsohon keken da ba su taɓa ko gaisawa ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar a cikin shago. Kafin a rufe ta, mai gyara zai buɗe cikinta a gaban dangi, a ga ko akwai ma'ajiyar da aka kwana uku ana nema wa direba. An tanadar wa ƙanin uwargida kujera a sahun gaba, nesa da ƙofa.