Shaddar da Ba a Ɗinka Ba

"Lafiya lau, Alhamdulillahi. Sai dai ganin ki da hantsi, wanda bai taɓa yi wa ciniki kyau ba."

Da haka Labaran ya amsa gaisuwar Murja, bai ko ɗago daga kwalin sabulun da yake kwancewa ba. Taubasai ne, uwarta ƙanwar ubansa ce, kuma tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu salin-alin ba. Sai dai yau ce ranar farko da ta tako shagonsa na kasuwar Dutsin-Ma tun da ta fita takabar mijinta, Mutawakkil. Tun da ya hango ta yake shawara da zuciyarsa, ya zolaye ta ko ya ƙyale. Ya ga in ya yi mata magana da taushin murya irin ta masu ta'aziyya, shi ne zai fama mata ciwon.

"Wane ciniki?" in ji Murja. "Ƙudajen da ke kan buhun sukarin nan su kaɗai ke shigo maka."

"Su ko in sun ƙoshi tashi suke. Ke sai an sa ki a motar Kurfi."

"Miƙo mani benci, bawa."

"Ɗiyar mace ke kiran ɗan namiji bawa? Ubana fa shi ya goyi uwarki."

"Ai aikinshi ke nan a gidan."

Ya tura mata bencin da ƙafa. Ta zauna, ta ɗora wani ƙunshi a cinyarta, ta dafe shi da hannu biyu. Ya lura ta rame, hijabin ya yi mata yawa, amma bakin nan yana nan yadda ya san shi.

"Jibi ake ba da hutu a makarantar su Mubina," ta ce. "Ina son in yi wa mutanen nan na gode. Malama Na'ima ta ajinsu, ba ni filas mai kyau, ba irin wanda ka sayar wa Inna ba, da ruwa ke hucewa kafin a rufe murfin."

"Inna a randa take ajiye shi. Sai wa?"

"Batula mai shara. Ita ke tallabar Mubina ta kai ta bayan gida, ba aikinta ba ne, ba ta kuma taɓa ɓata fuska ba. Sabulu da man shafawa. Sai Bilya maigadi, a ba shi tocila."

"Bilyan da ke barci tun kafin a sallame magariba?"

"Don ya riƙa ganin hanyar tabarmarshi."

Labaran ya jera kayan a kan teburi yana ƙunƙuni, wai an zo an kwashe masa shago da sunan godiya. Da ya waiwayo sai ya ga ta sunkuyar da kai tana kwance bakin ƙunshin.

"Saura Malam Zaharaddin," ta ce.

Ba sai an gaya masa ko wane ne ba. Mubina, ɗiyar Murja, ƙafarta ta dama ta shanye tun tana rarrafe, gidansu kuma yana can bakin garin Kurfi ta hanyar Barkiya, makaranta na wancan gefe. Ubanta ne ke kai ta a babur ya ɗauko ta. Da ya rasu yarinyar ta zauna a gida, har wata safiya Malam Zaharaddin, mai koya musu lissafi, ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, ya ce a fito da ita. Ba wanda ya roƙe shi. Tun daga ranar bai fasa ba, har lokacin da ruwa ya cinye hanyar sai an tura babur a taɓo.

Ta warware ƙunshin. Shadda ce shuɗiya, da ninkinta na kanti, ko almakashi bai taɓa ta ba. Labaran ya gane ta nan take, don shi ya raka Mutawakkil sayenta gab da azumi, ya yi ta masa tsiya wai in ya sa ta ranar Sallah za a ɗauka bular wanki ce ta zube a filin idi. Mutawakkil ya yi dariya, ya ce ita yake so. Bai kai ta wurin tela ba ciwo ya kwantar da shi.

"Da aka raba gado ta faɗo a rabona," in ji Murja. "Naɗe mani ita a takarda mai kyau."

Labaran ya daɗe yana kallon shaddar. Sannan ya gyara hula.

"To. Goro ƙwarya nawa zan haɗa? Alawa kuma ta bakin kasuwa ta fi arha. Maroƙi ni zan biya, gudunmawata ke nan."

"Mi kake nufi?"

"Baiko mana. Ko ba shi kika zo shiryawa ba?"

"Labaran, akwai abin da ba a wasa da shi."

"Akwai. Shi ya sa nake faɗa maki a nan, kafin a faɗa a bakin rijiya." Ya jawo kwalin sabulu ya zauna a gabanta. "Mace ta fita takaba, ta ɗauki shaddar mijinta ta aika wa namiji, namijin da kullum safiya ake ganin baburinshi a ƙofar gidanta. Kafin Malam ya kai ta wurin tela, Kurfi ta ɗaura maku aure, ta raɗa wa yaranku suna."

"Allah ya san zuciyata."

"Ya sani. Ni ma na sani. Masu zaman dandali ne ba su sani ba, ba kuma za su zo su tambaye ki ba. Malamin nan mai kunya ne, Murja. Ranar da maganar ta kai kunnenshi ba zai ƙara tsayawa a ƙofarki ba, don ya tsare maki mutunci. In an koma hutu wa zai kai Mubina? Ke za ki goya ta ki ratsa gari?"

Wani mai kura ya wuce yana neman hanya, almuru na nesa amma shagon ya yi wa Labaran duhu. Ta shafa ninkin shaddar da yatsa.

"Ba ni da abin da ya kai abin da ya yi mana sai ita," ta ce a hankali. "Kuma duk sanda na buɗe akwati ita nake fara gani. Na ce gara ta tafi jikin mutumin kirki."

"To ai a nan matsalar take, kin tsallake na gabanki kin tafi nema a makaranta."

Ta harare shi da jajayen idanu, amma gefen bakinta ya motsa.

"Ji nan," ya ce. "Wa ya fi shan wahalar ɗiyarki a zangon nan? Babur ɗin. Na gan shi ranar kasuwa, tayar baya ta suɗe kamar kan Kawu Ɗanmaraya mai sanƙo. Sabuwar taya za a saya. Ni zan kai da hannuna, a gaban hedimasta, a matsayin kawun Mubina. Namiji ya gode wa namiji, ba mai abin cewa."

"Mutum ya yi maka irin wannan alheri ka saka mashi da roba?"

"Robar ce ke kai ɗiyarki aji."

Ta yi tunani. "Gaba da baya."

"Ta gaban lafiyarta lau."

"Gaba da baya, da galan ɗin baƙin mai. Kuma daga aljihunka, tunda kai ne kawu."

"Na ce zan kai, ban ce zan saya ba."

"Ka je gaban hedimasta ka ce mashi kai ɗan aike ne, in ji."

Ta ninke bakin ƙunshin, ta miƙe, ta kwashi filas da sabulu da tocila ta zuba a leda. Shaddar kuwa ta bar ta a kan teburi.

"Kin manta kayanki."

"Ban manta ba. In an tambaya ka ce ƙwacewa ka yi, an san halin taubashi."

"Ni ba za a ɗaura mana auren ba ke nan?"

"Duk Kurfi an san ko maza sun ƙare ba zan dube ka ba." Ta gyara hijabinta. "Ka ɗinka ta, ka sa ranar Sallah, ka tsaya a sahun da Mutawakkil yake tsayawa. Sai dai ka ce wa tela ya rage tsawo sosai, don ba ka kai shi ba."

Labaran ya miƙa hannu kan teburi. Ya ɗauki shaddar ya riƙe a ƙirji.

"Ban kai shi ba," ya ce. "Yau kam kin ci ni."

Ya yi 'yar dariya, ya goge ido da hannun riga, ya leƙa shagon maƙwabcinsa mai kayan babur.

"Ya'u, sauko mani da taya biyu, masu kyau. Ka haɗa da baƙin mai."