Haƙoran Robar Kawu Tela Sun Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wanda dai shi kaɗai yake ji, Kawu Tela yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar haƙoransa na roba, waɗanda suka tsare masa giɓin gaba tun 'yarsa Likita tana rarrafe.

Marigayin ya rayu cikin ladabi. Da rana yana bakin Kawu a shago, yana riƙe allura yana tsinka zare, alhali almakashi na rataye a wuyan maigidan. Da an tashi aiki sai ya koma kofinsa mai tsagaggen baki da ke kan taga, yana yi wa jikoki murmushi ta cikin ruwa har su fasa shiga ɗakin. Bai taɓa cutar da nama ba. Duk tsokar da ta zo gabansa sai Kawu ya miƙa wa yara, jama'a kuma suna ta yabon kyautarsa. Za a daɗe ana tuna muryarsa: “ƙas-ƙas” in Kawu na ciniki, da ɗan fito “fiii” duk lokacin da ya ce sannu. Sau ɗaya ya fito gaisuwa da kansa, ranar da Kawu ya yi atishawa a kan yadin wata amarya. Tun daga nan Kawu bai ƙara dariya ba sai da tafin hannu a baki.

Ciwon ajali ya fara da 'yar tsaga. A wannan gida kuwa, abu in ya tsage ba a kai shi wurin masaninsa, maƙwabci ake kai wa. Mai gyaran takalmi ya duba mara lafiya, ya shafa masa gam ɗin da yake manna dunduniya, aka ce an warke. Da wari ya taso, dattawan bencin ƙofar shago suka yi zama, suka yanke cewa a tafasa shi. Kawu da hannunsa ya jefa masoyinsa a tukunya. Ya fito a kanannaɗe kamar busasshen ganye, bai ƙara shiga baki ba.

Ya rasu ya bar kofi, da rabin kwalbar gam, da haƙoran ƙasa guda biyu masu rawa, da dasashi duk gyambo. Ya kuma bar ƙashin muƙamuƙi wanda yake ta zaizayewa a ɓoye duk shekarun da ake cewa ai ana lallaɓawa. Likita, wadda aka biya wa makaranta don a riƙa ƙin jin maganarta, ta nuna wa Kawu hoton ƙashin. Ta ce yanzu akwai sauran inda za a kafa ƙaramar ƙusa a dasa haƙori mai zama daram, in an ƙara jan ƙafa kuwa babu. Kawu ya ce shi ba bango ba ne da za a buga masa ƙusa. Bai ga laifin gam ɗin takalmi a bakinsa ba, ƙusar asibiti ce abin tsoro.

Za a yi jana'iza a asirce, domin an taɓa jefa marigayin a kwandon shara Kawu ya tono shi. Za a karɓi gaisuwa ranar Litinin da safe a ɗakin jira na asibitin haƙori, inda Kawu zai zauna tsakanin Likita da matarsa Inna, Inna ta ɓangaren ƙofa don kada ya sulale. Ya amsa zai je, bayan ya ga kan ƙaramar jikarsa a ƙarƙashin gado tana nema masa haƙoransa wai don ya ci nama tare da ita.

Masu ta'aziyya su riƙe tsokarsu sai dashe ya kama. Wanda ya zo da gam, a bakin ƙofa za a sallame shi.