Yadda Za Ka Ceci Daji Ba Tare Da Ka Ɓata Wa Surukinka Rai Ba

Kai mai son a kira ka gwarzon kare muhalli, matso kusa. Wannan hanya ita maƙwabcina Injiniya ya bi, mutumin da ko rediyo bai taɓa gyarawa ba, yau ga shi ana rububin ɗaukar hoto da shi. Ka bi ta. In ba ta yi maka aiki ba, a canja min suna.

1. Samo na'ura

Sayo 'yan akwatunan nan masu kyamara da ake ɗaurewa a jikin bishiya, da sun ji ƙarar injin yanka su turo hoto. Kankare sunan wanda ya ƙera, ka manna hoton ganye. Shi ke nan, kai ka ƙirƙira.

2. Gyara ofis

Koren fenti, furen roba, babban allo. Teburin taro kuwa na katako mai kauri. Injiniya kyauta ya samu nasa wurin surukinsa, dillalin katako. Kada ka tambayi inda aka yanko, rashin kunya ne.

3. Gayyato masu zuba jari

Dafe ƙirji ka ce, "Makomar jikokinmu." Injiniya na cikin dafewa na'ura ta yi kuka, hoto ya cika allo. Surukin nasa ne, hula a karkace, rungume da injin yanka, yana yi wa kyamara murmushi.

"Wane ne wannan?" in ji shugabar baƙin.

Injiniya ya yi lissafi da sauri. In ya ce ɓarawo ne, matarsa ta haɗa kaya kafin la'asar. In ya ce Baba ne, kamfani ya mutu.

4. Ce gwaji ne

"Ma'aikacinmu ne, ranki ya daɗe. Tura shi muka yi ku ga yadda take aiki."

Ɗaki ya kaure da tafi. "A sake mu gani!"

Injiniya ya koma lungu ya buga waya, murya ƙasa-ƙasa: "Baba, don Allah a ƙara kayar da guda."

"Guda kawai, ɗana? Ai motar ko rabi ba ta yi ba."

5. Ɗauke shi aiki

A ba shi koriyar riga da muƙamin Jami'in Gwaji. Duk baƙon da ya zo sai an yi masa gwaji, baƙi kuwa ba su yanke ba. A gida Injiniya ya zama ɗan lele, har Baba ya daina barinsa ya durƙusa.

6. Sanar da nasara

Da wurin ɗaure na'urori ya ƙare, sai ya kakkafa musu turakun ƙarfe. Tun daga nan ba su sake kuka ba. Ya tara 'yan jarida ya ce, "Sare bishiya ya tsaya cak a yankinmu." Kuma wallahi bai yi ƙarya ba.

Gargaɗi: ni ba ruwana da zafi, ba ruwana da ambaliya, ba ruwana da wanda zai tsare ka ya ce ina dajin. Mai neman inuwa ya tuntuɓi Injiniya, ya fara sayar da laima.